Mamman Shata: Muryar Da Ta Gina Najeriya, Ta Ƙi Tsayawa A Iyakar Ƙonni

Duk wanda ya taɓa kwana a tashar motar Birnin Ƙonni, ko ya zauna a bencin mai shayi a Malbaza da sassafe lokacin da ma'aikatan kamfanin siminti ke wucewa aiki, ko kuwa ya ci kasuwar Badagishiri ta ƙasar Illela, da wuya a ce ya bar wurin bai ji kalangun marigayi Alhaji Mamman Shata Katsina ba. A da can daga akwatin rediyo ake jin sa, sannan kaset ya zo ya yi zamaninsa, yau kuma a wayar salula yake, cikin ɗan katin nan da masu tura waƙa ke cika wa mutum da kuɗi kaɗan. Fiye da shekara 25 ke nan da rasuwarsa, amma direban da ya yi lodin albasa a Galmi zai nufi Sakkwato, da dattijon da ke kishingiɗe a zaure bayan la'asar, har ma da samarin da ba a haifa ba lokacin da ya bar duniya, duk sun san amshin waƙoƙinsa.

Abin da ya sa muka ga ya dace mu tsaya a kan wannan batu shi ne, Shata ba ɗan Nijar ba ne. Ɗan Najeriya ne, kuma babban aikin da ya yi wa ƙasarsa shi ne sa talakan Arewa da bai taɓa shiga aji ba ya ji a ransa cewa akwai wata aba wai ita Najeriya, kuma shi ma yana da rabo a cikinta. To amma muryar da ta yi wannan aiki ba ta taɓa tsayawa a shingen duwan ba. Ta shigo mana gida, mun tashi da ita, har ba ma ɗaukar ta baƙuwa. Yanzu da hukumomin Nijar suka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a watan Maris na 2025, ya kamata mu tambayi kanmu: wace murya ce za ta yi wa Nijar irin abin da Shata ya yi wa Najeriya? Me za ta koya daga gare shi, me kuma ya kamata ta kauce wa?

Ɗan da bai gaji roƙo ba

An haifi Shata a garin Musawa na ƙasar Katsina a 1923. Gidansu ba gidan roƙo ba ne. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a wancan zamani kiɗa da waƙa sana'a ce ta gado, wanda bai gada ba kuwa in ya shige ta ana ganin ya zubar da girman gida. Yaron ya fara ne da tallar goro da alewa a kasuwannin ƙauye, yana rera waƙa a dandali don nishaɗi. Sannu a hankali waƙar ta fi ƙarfin tallar. Ya zauna a Bakori, daga bisani ya kafa gida a Funtuwa, garin auduga da jirgin ƙasa da manyan motoci, inda baƙi daga kowace kusurwa ke haɗuwa.

Wannan asali nasa shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da ya biyo baya. Manyan mawaƙan da suka shahara a ƙasar Sakkwato da Zamfara, irin su Ibrahim Narambaɗa na Isa da Musa Ɗanƙwairo na Maradun, mawaƙan fada ne. Kiɗansu kotso ne, kiɗan sarauta, kuma kowannensu yana da ubangidan da yake wasawa, yana zambo ga abokan adawarsa. Shi kuwa Shata kalangu ya ɗauka, wanda a al'adar Bahaushe kiɗan mahauta ne da 'yan mata a dandali. Wato kayan kiɗan talaka ya shiga da su fada, bai kuma yarda fada ta mallake shi ba. Gaskiya ne Sarkin Daura Muhammadu Bashar ya zama babban ubangidansa, amma hakan bai hana shi yi wa attajiri da direba da dogari da soja da mata masu sana'a waƙa ba. Duk wanda ya yi masa alheri, ko ya burge shi, ko ya ɓata masa rai, yana iya tsintar kansa a bakinsa.

Tsarin waƙarsa ma mai sauƙin ɗauka ne. Amshi gajere ne, 'yan amshi na ta maimaita shi, makaɗa na riƙe da kiɗa, shi kuma yana zubo ɗiyan waƙa nan take, ba tare da ya zauna ya tsara a gida ba. Wanda ya ji sau biyu ya iya amshin. Da haka ya yi waƙoƙi dubbai, daga Bakandamiya, wadda kirarin kansa ce, har zuwa waƙar da ya yi wa kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka aika duniyar wata a 1969.

Rediyo ta ba shi ƙasa

Kafin zuwan rediyo, iyakar mawaƙi ita ce inda ƙafarsa ta kai shi. Idan bai je garinku ba, sai dai ku ji labarinsa a bakin fatake. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Firimiya Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. A daidai wannan lokaci ne ƙananan akwatunan rediyo masu aiki da batir suka fara yawaita a hannun jama'a. Gajeren zango kuwa ba ya neman izini, yana kaiwa Maiduguri kamar yadda yake kaiwa Tawa. Shata na daga cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan sauyi, domin waƙarsa ta dace da kowane irin mai sauraro.

Mai karatu ya lura da wani abu game da waƙoƙin Shata: cike suke da sunaye. Sunan mutum, sunan ubansa, sunan garinsu, sana'arsa, hanyar da aka bi aka je wurinsa. Yau yana Bichi, gobe yana Gwandu, jibi Zariya ko Daura ko Kano. Manomin da bai taɓa wuce kasuwar garinsu ba, in ya saurare shi shekara guda, sai ya wayi gari da taswirar ƙasa a kansa, ba tare da malamin makaranta ya zana masa ita a allo ba. Ya san akwai wasu mutane can nesa da ke jin abin da yake ji, suna dariya a inda yake dariya. A ganinmu, daga nan ƙasa ke farawa a zuciyar mutum, tun kafin tuta da takardar shaida.

Hasali ma, idan aka duba taken ƙasa, za a ga bambancin. Taken da Najeriya ta karɓi 'yanci da shi a 1960 wata Baturiyar Ingila ce, Lillian Jean Williams, ta rubuta shi da Turanci. An sauya shi a 1978, aka kuma dawo da shi a watan Mayun 2024. Namu na Nijar da aka ɗauka a 1961 wani Bafaranshe ne, Maurice Albert Thiriet, ya rubuta shi da Faransanci, sai a watan Yunin 2023 aka maye gurbinsa da sabo. 'Yan makaranta da sojoji sun haddace waɗannan, amma tsohuwar da ke daka a tsakar gida ba ta san abin da suke faɗa ba. Ita abin da ta sani game da ƙasa, a bakin mawaƙa ta ji shi.

Lokacin da ƙasa ta so wargajewa

An kashe Sardauna ranar 15 ga Janairun 1966. Daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970 Najeriya ta yi yaƙin basasa. A wannan tsakani ne aka ga amfanin mawaƙa a fili, domin gwamnati na bukatar samari su shiga soja, tana bukatar iyaye su yi haƙuri, tana kuma bukatar talaka ya fahimci dalilin da ya sa za a mutu don kada wani yanki da bai taɓa gani ba ya ɓalle. Shata da Ɗanmaraya Jos na cikin waɗanda suka yi waƙoƙin ƙarfafa wa sojoji gwiwa da kiran a zauna ƙasa ɗaya. Shata yana da wata sananniyar waƙa da yake zaburar da mutanen Arewa su farka su nemi na kansu a cikin ƙasar, wadda har gobe 'yan siyasa ke tuno ta in zaɓe ya ƙarato.

Bayan yaƙi ma hukuma ba ta saki mawaƙa ba. Ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sannan ranar 1 ga Janairun 1973 ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo. Waƙoƙin Hausa a rediyo na daga cikin hanyoyin da aka bi aka wayar da kan jama'a a kan waɗannan sauye-sauye. Tsofaffin direbobin Ƙonni sun fi kowa sanin ma'anar na farkon, domin kafin wannan rana duk wanda ya taso daga Sakkwato yana tafe ne a hannun hagu, in ya ƙetare iyaka ya shigo Nijar sai ya koma dama.

Sai dai ya kamata a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Najeriyar da Shata ya rera, Najeriya ce kamar yadda ake hango ta daga Arewa, kuma da Hausa. Mutumin Anaca ko na Ibadan ba a bakinsa ya ji ƙasarsa ba, yana da nasa mawaƙan. Abin da Shata ya gina shi ne ƙofar da mai jin Hausa ya bi ya shiga Najeriya yana jin cewa gidansu ne. Ko wannan kaɗai ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ƙasar ta san da haka. An ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988, ga shi kuwa bai yi boko ba. Tun a 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah. Ya rasu a Kano ranar 18 ga Yunin 1999, makonni uku bayan soja sun miƙa mulki ga farar hula, aka kuma yi masa sutura a Daura. Allah Ya jiƙansa.

Wani Shatan a ƙasar Barazil

Don kada a ɗauka wannan al'amari na Hausawa ne kaɗai, bari mu leƙa can ƙetaren teku. Barazil ƙasa ce mai girman gaske a Kudancin Amurka, wadda jama'arta haɗin gambiza ne na 'yan asalin wurin da Turawan Fotugal da jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Cikin bayin nan har da Hausawa, waɗanda tarihi ya tabbatar sun shirya tawaye a yankin Bahiya a 1807, suka kuma tayar a 1809 da 1814. A shekarun 1930, zamanin shugaba Getulio Vargas, hukumomin ƙasar sun gane cewa rediyo da waƙa za su iya ɗinke wannan jama'a. An buɗe gidan rediyon ƙasa a birnin Rio de Janeiro a 1936, gwamnati ta karɓe shi a 1940. Kiɗan samba, wanda a da 'yan sanda ke korar masu yin sa a unguwannin baƙaƙen fata, sai ga shi ya zama alamar ƙasa.

A wannan yanayi ne Luiz Gonzaga ya fito. An haife shi a 1912 a garin Exu na jihar Pernambuco, a arewa maso gabashin ƙasar, yankin da ya yi ƙaurin suna wajen fari da yunwa da ƙaura. Mutanen birni na yi wa 'yan yankin kallon ƙauyawa. Gonzaga ya yi aikin soja, sannan ya zauna a Rio yana kaɗa akodiyan, wani abin kiɗa mai zuga-zugi da ake matsawa a ƙirji. Da farko kiɗan baƙi yake kwaikwayo, sai daga baya ya koma wa kiɗan ƙauyensu, ya sa hular fata irin ta makiyayan yankin, ya shiga rediyo da karin harshensu ba tare da jin kunya ba. A 1947 shi da Humberto Teixeira suka fitar da Asa Branca, waƙar manomin da fari ya kora daga gida yana begen ranar komawa. Waƙar ta zama ta ƙasa baki ɗaya. Kafin ya rasu a 1989, yankin da ake rainawa ya riga ya zama wani ɓangare na abin da ɗan Barazil ke nunawa in an ce ya nuna ƙasarsa.

Duk ɗan Adar da ya ji wannan labari ya san inda aka dosa. Ƙasar duwatsu da ƙarancin ruwa, samari na tafiya cin rani Najeriya da Kwaddebuwa da Libiya, mata da tsofaffi na jiran saƙo, ai labarinmu ne. Darasin da ke cikin rayuwar Gonzaga da ta Shata iri ɗaya ne: kowannensu ya riƙe kiɗan talakawan garinsu, rediyo ta ɗauke shi ta kai ko'ina, sai ƙasa ta ji kanta a cikin muryarsa.

A wannan gefen iyaka

To mu dawo gida. Tsakanin Ƙonni da Sakkwato bai kai kilomita 100 ba, alhali Yamai na da nisan fiye da kilomita 400. Garin Illela na jihar Sakkwato yana nan dab da mu, ga kuma tamu Illelar, mazaunin Sarkin Adar, sunan ma ɗaya ne. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka yi a 1898 ta zana da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato ta bai wa Ingila, wato har da Ƙonni a ciki. Hakan bai hana ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine afka wa garin da kisa da ƙone-ƙone a watan Mayun 1899 ba. Sai a 1904 aka sake shata iyakar, domin Faransa na neman hanya mai ruwa tsakanin kogin Kwara da Damagaram, aka kuma kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908. Da alƙalamin bai motsa ba, da yau wani labarin ake yi.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne kunnen mutanen wannan yanki ya karkata kudu. An kafa Rediyon Nijar a 1958, wanda daga baya ya zama Muryar Sahel, amma dole ne ya raba lokacinsa tsakanin Faransanci da harsunan ƙasa daban-daban. Kaduna kuwa Hausa take yi safe da yamma. Iyayenmu sun bi labarin yaƙin basasar Najeriya kamar a gidansu ake yi, balle ma shugaba Diori Hamani ya goyi bayan gwamnatin tarayya, kuma a Yamai aka yi wani zaman neman sulhu a watan Yulin 1968. Naira na yawo a kasuwanninmu tare da sefa. Da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyaka a 1984, abin ya haɗu da fari, har mutane suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunan El-Buhari. An sake rufewa a 2019, aka kuma rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A duk waɗannan lokuta an tsayar da shinkafa da man fetur da magani, amma ba a taɓa tsayar da waƙa ba.

Ke nan Shata abu biyu ya gina a lokaci guda. A can ya gina ɗan ƙasa. A nan kuwa ya riƙa tuna mana cewa akwai wata al'umma da ta girmi ƙasashen biyu, wadda Katsina da Maraɗi, Sakkwato da Ƙonni, Daura da Damagaram duk ɗakuna ne a cikin gidanta. Mutumin Dogarawa ko na Tsarnawa da ke jin Shata bai zama ɗan Najeriya ba, bai kuma ji an raba shi da Nijar ba. Hausarsa ce kawai ya ji ta yi faɗi.

Amsar da Nijar ta bayar

Hukumomin Nijar ba su yi barci a kan wannan ba. Bayan Seyni Kountche ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilun 1974, ya farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, ya kuma mayar da al'adu wani makami na haɗa kan ƙasa. A 1975 aka fara gasar kokawar gargajiya ta ƙasa, kuma a Tawa aka yi ta farko. A 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram, inda kowace jiha ke zuwa da mawaƙanta da 'yan rawarta da 'yan wasan kwaikwayonta. Cikin shekarun 1980 aka ƙirƙiro gasar kiɗan zamani mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, shahararren mawaƙin gargajiya na ƙasar Tawa, wadda ta zama ƙofar fitowar mawaƙa da dama. A Yamai kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Elhaji Taya. Daga wannan yunƙuri ne aka samu irin su marigayi Sa'adu Bori na Maraɗi, da marigayi Malam Mamman Barka, da ƙungiyar Mamar Kassey ta Yakuba Mumuni.

Idan aka lura, hanyar Nijar ta bambanta da ta Shata. Can mutum ɗaya ne ya yi girma har ya cika fili, nan kuwa fili aka share aka ce kowa ya zo da nasa. Wanda ya taɓa zama a filin kokawa ranar da za a ba da takobi, ya ji yadda makaɗa ke yi wa ɗan Doso da ɗan Agadas da ɗan Diffa kirari a wuri ɗaya, ƙasa gaba ɗaya na manne da rediyo, ya san cewa wannan dabara ta yi aiki. Wataƙila babu wani lokaci a shekara da ɗan Nijar ke jin shi ɗan Nijar ne kamar makon kokawa.

Zirga-zirgar kuma ba ta gefe ɗaya ba ce. Mdou Moctar, makaɗin gita Ba'abzine daga arewacin jihar Tawa, wanda daga baya ya zagaya Turai da Amurka, a Sakkwato ya naɗi kundin waƙoƙinsa na farko a 2008, da salon sarrafa murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin sun bazu ne daga waya zuwa waya kafin wani kamfani ya san da su. Babbar hanyar Tawa zuwa Sakkwato kuwa ta Ƙonni ta bi.

Inda gizo ke saƙa

Ba za mu rufe ido daga ɗaya gefen ba. Waƙar Shata sana'a ce, kuma mai bayarwa shi ake wasawa. Ya yabi sarakuna da gwamnonin soja da attajirai, ya yi zambo mai zafi ga waɗanda suka saɓa da shi, malamai kuma sun soki wasu waƙoƙinsa, musamman wadda ya yi wa mashaya. Ya shiga siyasar jam'iyya da kansa, ya yi kansila, ya kuma shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa a jamhuriya ta uku. Shi ma Gonzaga ya yi wa 'yan siyasa waƙoƙin neman ƙuri'a. Abin da ya ceci sunayensu shi ne ba su tsaya nan ba. Da a ce gwamnoni kaɗai Shata ya yi wa waƙa, da ya tafi tare da su. Waƙoƙin da suka rayu su ne waɗanda talaka ya ga kansa a ciki.

Wannan gargaɗi ne ga mawaƙanmu na yau. Tun daga 2023 waƙoƙin kishin ƙasa sun yawaita a Nijar, kuma babu laifi mutum ya so ƙasarsa ya faɗa. Amma yabon ƙasa daban, yabon mai mulki daban. Gwamnati na zuwa ta wuce, mun ga na farar hula mun ga na soja. Mawaƙin da ke son a ji shi bayan shekara 25 sai ya sa manomin albasar Galmi da ke kallon amfaninsa na ruɓewa in an rufe iyaka, da leburan siminti, da matar ɗan cin rani, da makiyayin da ke neman burtali, a cikin waƙarsa.

Gargaɗi na biyu ya shafi harshe. Hausawa sun fi rabin jama'ar Nijar, wasu da yawa kuma na jin Hausa a kasuwa da tasha. Amma Nijar ƙasar Zabarmawa ce da Fulani da Abzinawa da Barebari da Tubawa da Gurmawa da Larabawa da Buduma. Mun riga mun ga iyakar aikin Shata, cewa ƙofa ɗaya ya buɗe a gida mai ƙofofi da yawa. Idan ɗaukaka Hausa ta sa mawaƙin Hausa ya ɗauka shi kaɗai ne ƙasa, to an yi ba a yi ba. Wanda zai rera Nijar sai ya zama taswirar da ke bakinsa ta kai Ayoru da Bilma da Ngigmi, kamar yadda ta Shata ta karaɗe garuruwan Arewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ya rage mana

Akwai wani aiki da ba ya jiran fitowar sabon gwani, wato adana abin da muke da shi. Shata ya yi sa'a, jami'o'i sun yi nazarinsa, an rubuta tarihinsa, masoyansa sun tattara faya-fayensa sun zuba a intanet. Mawaƙanmu na Adar da Ƙonni fa? Makaɗan noma da na kokawa da na fadar Illela, da mata masu waƙar daka da ta biki, da yawansu muryoyinsu na cikin tsofaffin kaset ne da zafi da ƙura ke ci, wasu a ɗakunan ajiyar gidajen rediyo, wasu a akwatunan tsofaffi a ƙauye. Kaset ba ya jiran kasafin kuɗi. Duk wanda ya lalace, ya tafi da wata murya da ba za a sake ji ba.

Muna kira ga ma'aikatar da ke kula da al'adu, da Jami'ar Tawa, da gidajen rediyo na gwamnati da masu zaman kansu da na karkara, da sarakunanmu, su haɗa hannu a tattara waɗannan faya-faye a mayar da su cikin kwamfuta, a rubuta sunan mawaƙi da garinsu da wanda aka yi wa waƙar tun masu sanin labarin na raye. Gasar Ɗan Gurmu kuma a riƙe ta da muhimmanci, a daina barin ta tana yi tana tsayawa. Attajiranmu da ke liƙa wa mawaƙa kuɗi a wurin biki, ko kaɗan daga ciki suka ware zai isa a fara.

Mu kuma iyaye, in yaro ya tambaye mu wane ne wannan mai kalangu da ke tashi a wayar kakansa, mu ba shi labarin Shata yadda ya kamata, domin namu ne. Sannan mu ƙara masa da labarin Ɗan Gurmu da sauran na gida, mu kuma nemo masa muryarsu ya ji. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya.